Mako shida na hana yarona kunun tsamiya, ashe ba maganinsa ake nufi ba

A tsakiyar zafin Afirilu da Mayun 2024 na hana yarona kunun tsamiya, da zoɓo, da lemu, da fura da nono, har mako shida, ina ganin kare masa ƙarfin maganin da yake sha na larurar ƙarancin natsuwa (ADHD) nake yi. Da muka koma asibiti aka ɗora shi a sikeli, ya rage kilo ɗaya da rabi. Shawarar da na bi ba ƙarya ba ce, amma ta wani maganin ce daban, kuma ban sami mai bambance mini su ba sai da yaro ya rame. Shi ya sa nake son in ba da labarin tun daga tushe, ko wata uwar za ta tsallake ramin da na faɗa. Ɗan farina ne, don haka ba zan kama sunansa ba.

Yana aji uku na firamare, shekararsa takwas, a ƙarshen 2023, malamarsa ta aiko mini da takarda karo na uku a zango ɗaya. Ta ce ba daƙiƙi ba ne, in an yi tambaya da baki shi ke riga kowa amsawa, amma ba ya zama a benci na minti biyar, ba ya gama kwafar abin da ke allo, kullum sai ya yar da fensir ko littafi, kuma yana katse wa kowa magana. A Islamiyya ma haka, bulala har ta daina yi masa komai. Mun yi abin da kowane gida ke yi, addu'a da tofi da faɗa da lallashi. Hajiya, mahaifiyar maigidana da muke zaune tare, cewa take ƙiriniya ce irin ta ubansa, zai bari in ya girma. Wata ma'aikaciyar jinya a unguwarmu ce ta ce in daina jira, in kai shi babban asibiti. Mun fita bayan sallar asuba, kuɗin adaidaita sahu kuwa ya ninka tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun shekarar. Sai da na bi layi uku kafin in ga likita: na yankar kati, na biyan kuɗi, sannan na awon nauyi da zafin jiki. A wurin biya na'urar ta ƙi karɓar katin banki saboda matsalar sabis, dole na fita bakin ƙofa na ciro tsabar kuɗi, na dawo na tarar layin ya wuce ni. Yaron da ba ya iya zaman minti biyar ya yi zaman awa shida, duk wanda ke wurin sai da ya san da shi. Likitan da muka gani bayan azahar bai wuce minti goma da mu ba, ya rubuta mana takardar turawa zuwa sashen da ke duba yara masu larurar ƙwaƙwalwa da ɗabi'a, wanda sau ɗaya yake zama a mako. Aka ba mu rana, mako biyar a gaba. Da na nuna wa maigidana takardar, ya daɗe yana kallonta, ya ce, "Ke yanzu ɗan nawa za ki kai wurin masu taɓin hankali?" Ban amsa ba a daren, don ni ma abin yana cina a rai.

Ranar da muka je sashen ta bambanta da ta farko. Likitan ya zauna da mu fiye da awa ɗaya. Ya tambayi yadda na yi goyon cikinsa da haihuwarsa, yaushe ya fara tafiya da magana, yadda yake barci, ko ya taɓa farfaɗiya ko suma, ko a danginmu akwai wanda ciwon zuciya ya kashe farat ɗaya yana matashi. Aka auna tsayinsa da jininsa da bugun zuciyarsa, nauyinsa kilo 26. Ya ba ni takardun tambayoyi uku, ɗaya tawa, ɗaya ta malamar boko, ɗaya ta malamin Islamiyya, ya ce ba a yanke hukunci da abin da ake gani a gida kaɗai: dole alamun su bayyana a wuri biyu ko fiye, su daɗe sama da wata shida, kuma su faro kafin shekara 12. Ya tura mu gwajin ido da na kunne, don yaron da ba ya gani ko ji sosai shi ma ba ya natsuwa a aji. Kowane gwaji da layinsa da kuɗinsa, mako biyu muka yi muna haɗa su. Da muka dawo da komai ya ce larurar da likitoci ke kira ADHD ce, wato ƙarancin natsuwa da yawan motsi da gaggawar aikata abu ba tare da tunani ba. Bai fara da magani ba. Ya ce a mayar da shi bencin gaba, a riƙa gutsura masa aiki kaɗan-kaɗan, a daina dukansa, mu dawo bayan wata biyu. An sami ɗan sauƙi a gida, amma a makaranta abin bai canja ba, sai aka tsayar da cewa za a fara magani bayan ƙaramar sallah.

A wannan zaman maigidana ya zo da kansa, kuma ya yi tambayar da ke ransa. "Likita, wannan ba irin ƙwayar da samari ke sha suna lalacewa ba ce?" Likitan bai ɓoye masa ba. Ya ce sunan maganin metilfenidet, yana cikin magungunan da ke zaburar da ƙwaƙwalwa, kuma saboda ana iya shan sa ba bisa ƙa'ida ba yana cikin jerin da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa ido, a nan ma ba a shigo da shi sai da izinin NAFDAC. Amma ya ce ba sabon abu ba ne, tun 1944 aka fara haɗa shi a birnin Basel na Switzalan, an kuma shafe shekaru sama da hamsin ana ba yara masu wannan larura. Aikinsa shi ne ya ƙara daɗewar wasu sinadarai biyu da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da su, ta yadda ɓangaren da ke cewa "dakata, gama wannan tukuna" zai sami ƙarfi. Ya ce a kulle shi a akwati, babba kaɗai ke ba da shi. Ya rubuta miligiram 5 da safe, 5 da rana, wato rabin ƙwayar Ritalin mai miligiram 10. Abin da ban tambaya ba, shi ma bai tuna ya faɗa ba saboda ga mutane cike a waje, shi ne batun abinci.

Samun maganin ya ci mini kwana uku. Famasin asibitin ba su da shi a lokacin. Ƙananan kemis ba ma sa ajiye shi, wani har kallon tuhuma ya yi mini. A kanti na biyar, wani babban famasi, na samu. Sun karɓe asalin takardar likita, ba su yarda da hoto ba, suka rubuta sunana da lambar wayata da ta katin ɗan ƙasa a wani babban littafi, na sa hannu, suka ba ni na wata ɗaya tak, suka ce kowane wata sai da sabuwar takarda. Kuɗin ya kusa cinye rubu'in albashina na koyarwa, ga shi a lokacin duk maganin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabi saboda faɗuwar naira. Na tambayi yaron da ke kan kanta, kafin abinci ko bayan abinci? Ya ce kowanne. Da na isa gida na duba a waya na ga an rubuta a sha minti 30 zuwa 45 kafin cin abinci, na riƙe wannan.

Maganin ya yi aiki, wannan ba zan rage masa ba. A mako na farko malamarsa ta kira ni ta ce yau ya kwafe allo har ƙarshe, na zauna a ɗakin malamai ina hawaye. Amma ina ba shi da wofin ciki da ƙarfe shida da rabi, in jira minti arba'in, kafin nan maganin ya fara aiki ya kashe masa sha'awar abinci, sai ya gutsuri burodi sau biyu ya ture. Ya fara kukan ciwon ciki da tashin zuciya. Kular abincin da nake zuba masa ta tara haka take dawowa a rufe. Ana cikin haka Yayata da ke aure a Amurka, wadda ɗanta ma ke da wannan larura, ta aiko mini da saƙon murya a WhatsApp. Ta ce, "Ƙanwata, ki kula, kada ki ba shi ruwan lemu ko bitamin C kusa da lokacin magani, tsami yana kashe shi, likitan ɗana ya ja mini kunne sosai." Ita awa ɗaya kafin da awa ɗaya bayan shan magani ta ce, ni kuwa tsoro ya sa na faɗaɗa abin. Maganin da na sha wannan wahala kafin in samu, wani abu zai kashe shi? Na soke duk abin da ke da tsami a gidan. Kunun tsamiya da ƙosai shi ne karin kumallon da ya tashi da shi tun yana ƙarami, kuma shi kaɗai yake sha ba gardama, na maye gurbinsa da shayi. Mangwaro ya cika gari, na hana. Zoɓo mai ƙanƙara da ƙannensa ke sha in an dawo makaranta, shi sai dai kallo. Hajiya kuma, ganin yana riƙe ciki, ta fara jiƙa masa kanwa tana ba shi a ɓoye, kamar yadda aka yi mana muna yara. Da dare sai ya kai sha biyu idonsa biyu yana juyi a katifa. Na yi tunanin daina maganin gaba ɗaya, abin da ya hana ni kawai shi ne littafinsa da na ga ya fara cika da rubutu.

Da aka ce kilo 24 da rabi a ranar komawa, jikina ya yi sanyi. Likitan ya ajiye biro ya ce in ba shi labarin yini guda, daga tashi zuwa kwanciya, me ya ci, me ya sha, ƙarfe nawa. Da na zo kan kunu ya tsayar da ni. "Maman yaro, wa ya ce ki hana shi?" Na kunna masa saƙon Yaya. Ya tambayi sunan maganin ɗanta, na duba tsofaffin saƙonni na gano, Adderall. Ya gyaɗa kai ya ce maganarta daidai ce a kan ɗanta, amma ba a kan nawa ba. Ya rubuta 'yar takarda ya tura ni wurin wata babbar mai harhaɗa magunguna a asibitin, ya ce ita tana da lokacin da za ta warware mini. Na jira ta kusan awa ɗaya, babu kuɗin da aka karɓa, kuma zaman da ya fi kowanne amfani a duk wannan tafiya shi ne wannan.

Ta ɗauko takarda ta ja layi a tsakiya. Ta ce magungunan zaburarwa na wannan larura gida biyu ne. Gida ɗaya amfetamin, su ne su Adderall da Vyvanse, waɗanda aka fi sani a Amurka. Ɗaya gidan metilfenidet, su Ritalin da Concerta, kuma shi ne wanda aka fi samu a nan in an samu. Amfetamin, in ji ta, tsami yana taɓa shi ta hanya biyu. A ciki da hanji, abu mai tsami kamar bitamin C da ruwan 'ya'yan itace na iya rage yawan wanda ke ratsawa zuwa jini. Babbar hanyar kuma a ƙoda take: wani kaso mai yawa na amfetamin yana fita a fitsari yadda ya shiga, bai sauya ba, kuma in fitsarin ya yi tsami ƙoda ba ta iya mayar da shi cikin jini, sai ya zube da wuri, in kuwa fitsarin ya karkata zuwa kishiyar tsami, sai ya riƙa komawa jini ya daɗe a jiki. Ta ce takardar kamfanin da kanta ta nuna abin da ke fita ta fitsari yana iya kamawa daga kashi 1 zuwa kashi 75 cikin ɗari, gwargwadon tsamin fitsarin. Wannan ne tushen jan kunnen da aka yi wa Yaya. Shi kuwa metilfenidet jiki ne ke farfasa shi, musamman hanta, ya koma wani sinadari marar aiki kafin ya isa ƙoda, wanda ke fita bai sauya ba bai kai kashi 1 cikin ɗari ba. Saboda haka tsamin fitsari ba shi da abin da zai kama. Ta dube ni ta ce, "Maman yaro, ki dama masa kununsa gobe." Game da kafin abinci ko bayansa, ta ce abinci ba ya rage yawan Ritalin da ke shiga jini, kuma ga yaron da ke ciwon ciki yana ramewa, a ciyar da shi ya ƙoshi sannan a ba shi. Ƙwayar kan fara aiki cikin kamar rabin awa, ta kai ƙololuwa a awa ɗaya zuwa biyu, ta sake shi bayan awa uku zuwa huɗu. Ni kuwa na saita karin kumallonsa daidai lokacin da yunwa ke ɗaukewa.

Da na ambaci kanwar Hajiya sai ta gyara zama. Ta ce abin da mutanenmu ya kamata su sani ke nan, don babu takardar maganin da za ta ambaci kanwa. Kanwa kishiyar tsami ce, 'yar uwar bakin soda ce da magungunan ƙwannafi da na olsa. Mai shan amfetamin in yana shan irin waɗannan, maganin zai fi shiga jini kuma ya fi daɗewa, abin da zai iya kawo bugun zuciya da hawan jini da rashin barci. A gidan metilfenidet ma akwai kafso masu ɗauke da ƙananan ƙwayoyi da aka lulluɓe don kada su narke sai sun wuce tsamin ciki. Ta ba da misalin Medikinet na Turai, wanda aka ce dole a sha shi tare da karin kumallo ko bayansa, kuma kada a haɗa shi da maganin ƙwannafi, don kada abin da aka tsara ya fita a hankali ya zubo lokaci guda. Ga kuma Equasym, sinadari ɗaya da shi, amma shi kafin karin kumallo aka ce a sha. Har a gidan amfetamin ba duka ɗaya ba ne, Vyvanse an yarda a buɗe kafsonsa a zuba a ruwan lemu ko yogot a sha, don sai ya shiga jini yake komawa maganin gaske, shi kuma Adderall mai dogon aiki abinci mai maiƙo yana jinkirta ƙololuwarsa da kusan awa biyu da rabi ba tare da ya rage yawansa ba. Na roƙe ta ta rubuta mini sunayen, takardar tana nan har yau. Ta ce 'yar kanwar da ake sa wa miyar kuka ko ɗanwake ba ita take nufi ba, kuma ƙwayar da yarona ke sha ba ta cikin masu lulluɓi, amma a daina ba shi jiƙo, ciwon cikin daga wofin ciki yake, abinci ne maganinsa.

Sai muka zo kan barci, a nan ne na ga abin da ke gabana kullum ban lura ba. Na cire kunu na sa shayi da safe. Da magariba kuma yana zama kusa da babansa a ƙofar gida ana dafa shayi mai kauri, ana zuba masa a ƙaramin kofi. Kuɗin tara da ba ya sayen abinci da su, lemon kwalba baƙi yake saya a hanya. Duk waɗannan suna ɗauke da kafeyin, haka goro da kofi da lemukan ƙara kuzari. Ta ce kafeyin ba ya hana maganin shiga jini, ƙara masa wuta yake yi, zaburarwa a kan zaburarwa, kuma ko a jikin babba yakan ɗauki kamar awa biyar kafin rabinsa ya fita. Ga shi kashi na biyu da ya kamata ya sha da azahar, wani lokacin sai na dawo aiki bayan la'asar nake ba shi. Ta ƙara da cewa duk ranar da mura ta kama shi kada in sayi maganin toshewar hanci a kemis ban faɗi abin da yake sha ba, don wasunsu ma suna ɗaga jini. Daga nan aka tura mu sashen masu ba da shawara kan abinci, kati daban da ɗan kuɗi kaɗan. Shawararsu mai sauƙi ce: a cika masa ciki a lokutan da yunwa ke nan, wato da sassafe kafin magani da kuma dare bayan ya sake shi. Ƙwai, ƙosai ko alala, kunun gyaɗa da madara, da dare tuwo, kafin kwanciya fura da nono ko ƙuli-ƙuli da ayaba. Da rana kada a yi faɗa da shi a kan kula, a ba shi abu kaɗan mai auki, dabino ko gyaɗa, da ruwa mai yawa.

Hajiya ce ta fi ba ni tunani, don ba na son ta ji kamar an ce ta cutar da jikanta. Maigidana ne ya zauna da ita ya ce, "Hajiya, likita ta ce kunun tsamiyarki ne maganin cikin nan." Tun daga ranar ita ke dama shi da kanta, kanwa kuma ta koma tukunyar miya. Cikin kwana huɗu ciwon cikin ya tafi. Barci ya ɗauki kamar mako biyu kafin ya daidaita, bayan an janye shayin magariba an mayar da kashi na biyu kan lokaci. A wata na uku ya dawo kilo 26.

Matsalar da ta rage ita ce kashin rana. Makaranta ba ta yarda ta ajiye irin wannan magani ba, kuma ban ga laifinsu ba, ni kuma ba kullum nake samun fita daga aji ba. Da sabuwar shekarar karatu ta kama a Satumba likita ya mayar da shi kan Concerta mai miligiram 18, sau ɗaya da safe, yana aiki kimanin awa 12. Ya fi tsada, kuma akwai watan da sai da aka nemo mana shi daga wani garin. Wannan karon kafin in bar asibiti na koma wurin mai harhaɗa magungunan. Ta ce shi da abinci ko babu duk ɗaya, amma sharaɗinsa a haɗiye shi ɗungurungum da ruwa, ba tauna, ba rabawa, ba dakawa. Rufin waje yana narkewa da wuri ya ba da kashi 22 cikin ɗari na maganin, sauran yana cikin wani ƙoƙo mai ɗan mitsitsin rami, ruwan hanji na shiga yana turo shi a hankali har yamma. In aka daka, na yini guda zai shiga jini lokaci ɗaya. Wannan gargaɗi ya yi rana, don a kwana na biyu yaron ya kasa haɗiyewa, Hajiya ta ɗauko cokali za ta murƙushe masa a kunu, na riƙe hannunta da ladabi. Da ƙananan loma na tuwo muka koya masa haɗiya. Ta kuma gaya mini tun kafin ya faru cewa ƙoƙon ba ya narkewa, zan iya ganinsa a bayan gida kamar ƙwayar ta fito yadda ta shiga. Da ban sani ba, da na ce maganin jabu ne ko cikinsa ba ya karɓa.

Azumin 2025 ya kama ranar 1 ga Maris, yaron ya kusa shekara goma, ya nace shi ma zai yi. Mun je mun tambaya mako biyu kafin nan. Likita ya ce kada a kuskura a ba shi mai dogon aiki da buɗa-baki, zai kwana ido biyu, kuma ba zai ci abin kirki ba a lokacin da ya kamata ya ci. In za a sha, sai da sahur bayan ya ƙoshi. Da yake a shekarar an rufe makarantu a Kano saboda azumi, likitan da kansa ya yanke cewa a ba shi hutun magani na watan, a dawo da shi mako ɗaya kafin komawa aji. Ya yi azumi goma sha ɗaya, sauran rabi-rabi, ya kuma ƙara kusan kilo ɗaya. Na jaddada cewa likita ne ya yanke, don na san wasu iyayen suna tsayarwa su ci gaba yadda suka ga dama.

Da za a mayar da ni farkon tafiyar, ba zan fita daga ɗakin likita ba sai na rubuta sunan sinadarin maganin, ba sunan kwali kaɗai ba, da ko mai gajeren aiki ne ko mai dogo, don duk wata shawarar abinci a kan waɗannan biyun take rataye. Duk wanda ya ba ni shawara, ko ɗan'uwa ne ko a intanet, zan fara tambayarsa wane magani yake nufi. Zan kuma faɗa wa likita abubuwan da ke gidanmu da sunayensu, tsamiya da kanwa da zoɓo da goro da shayi da jiƙe-jiƙen tsofaffi, domin ba zai tambaya ba in ba a ambata ba, takardar cikin kwali kuma ba don kicin ɗinmu aka rubuta ta ba. Mai harhaɗa magunguna na asibiti yana da amsoshin da likita ba ya samun lokacin bayarwa, kuma ganinsa bai ci mini ko sisi ba. Ranar asibiti a tafi da tsabar kuɗi, da abincin yaro, da katin ɗan ƙasa, a kuma nemi sabuwar takardar magani tun saura mako guda na hannu ya ƙare, saboda nemansa na iya ɗaukar kwanaki.

Yanzu ina da ƙaramin littafi da nake rubuta lokacin magani, da abin da ya ci, da ƙarfe nawa ya yi barci, ina auna shi a kemis ɗin unguwa duk ranar ɗaya ga wata, kuma da shi nake shiga wurin likita duk bayan wata uku. Na ɗauki hoton takardar nan mai layi a tsakiya na tura wa Yaya. Ita har yanzu tana raba ɗanta da ruwan lemu da safe kamar yadda likitansa ya ce, ta kuma ce za ta gaya masa batun maganin ƙwannafin da yaron kan sha wani lokacin, wanda ba ta taɓa ambata masa ba. Awon da aka yi wa nawa a zuwanmu na ƙarshe kilo 30 ne, an ce mu dawo bayan hutun zango.